Kwana Huɗun Da Auta Ta Roƙe Ni

Alhamdulillahi, an sallame mu, ƙafata ta huta da zaryar asibiti, bayana ya daina ƙorafin tabarmar baranda. To bari in zauna in ba mata 'yan'uwana labarin jinyar Auta. Na san masu taurin kai irina suna da yawa a garin Keffi, gara su ji daga bakin shugabarsu.

A layinmu, in an haihu ni ake aika wa. Wankan jego, gasa cibiya, dama kunun kanwa, na fi shekara talatin ina yi, ba a taɓa cewa ga inda na kuskure ba. Ban da wannan kuma, ni kaina bakwaini ce. Har yau tsofaffin danginmu na Nasarawa da wannan sunan suke kirana, na yanka ya ɓace. An ce cikin auduga aka rene ni, ga ni nan kuma na haifi shida na aurar da su duka. Saboda haka maganar nan ta iyayenmu, cewa ɗan wata bakwai yana tashi amma ɗan wata takwas ba ya zama, ba aro ta na yi a wurin kowa ba. Wanda ya musa mini sai in ce ya dube ni.

Asma'u ce 'yata ta ƙarshe, Auta muke ce mata. Tana aure a Masaka. Mijinta Nuhu direba ne a wani kamfanin gine-gine a Abuja, irin masu fita tun gari bai waye ba, su dawo a gajiye liƙis. Cikin fari ne, don haka da watan Rajab ya kama, cikin ya shiga na bakwai a lissafina, aka kawo mini ita goyon ciki kamar yadda aka saba.

Tun a bakin ƙofa na ga ƙafar. Ta kumbura suntum, igiyar silifas ta nutse a cikin nama. Na ce ruwa ne, kowace mai ciki tana yi. Maƙwabciyata Jummai, wadda muka tsufa katanga ɗaya, ta leƙo ta ce, "Wannan ai cikin namiji ne, su ke kumbura uwa." Muka yi dariya, na shafe ƙafar da man kaɗanya, na sa mata filo a ƙarƙashi. Sati ya zagayo, zoben hannunta ya ƙi fita sai da sabulu. Fuskar ma ta cika, har Jummai na tsokanarta wai tuwon gida ya karɓe ta. Da ta ce kanta na sarawa, na ce zafin rana ne, ta rage kallon waya. Ku ji fa, ni da nake cewa na san haihuwa.

Abin da ya cece mu katin awo ne. Nuhu ya dage a mayar da awonta nan Keffi, ni kuwa na raka ta ne kawai don kada a ce na ƙi. Muka hau keke da sassafe, muka tarar da mata sun cika benci har ƙasa. A karɓi lamba, a jira kati, a jira a auna nauyi. Sai da hantsi ya dubi ludayi aka kira mu. Nas ta ɗaura mata abin auna jini, ta matsa, ta duba, ta kwance ta mayar ɗaya hannun. Ta sake matsawa. Daga nan ba ta ƙara yi mana wasa ba. Aka aika Auta gwajin fitsari, sakamako na fitowa aka ce an ba ta gado. Na ce gado kuma? Mu da muka bar wake a jiƙe za mu yi alala?

Likitar mace ce, yarinya da ita, ba za ta girmi babbar 'yata ba, Hausarta irin ta mutanen Akwanga. Ta zaunar da ni a gefen gadon ta ce, "Mama, marasa lafiya biyu gare ni a gado ɗaya, kuma abin da zai warkar da ɗaya shi zai wahalar da ɗaya." Wannan magana ta zauna mini har yau. Ta ce hawan jini ne na masu ciki, daga mabiyiya yake tasowa, magani zai danne shi amma ba zai kore shi ba. Maganinsa na gaskiya haihuwa ce. In aka bar shi ya yi ƙarfi yana jawo jijjiga, yana taɓa ƙoda da hanta, yana iya tafiya da uwa da ɗa gaba ɗaya.

Na ce, "To alhamdulillahi, abu ya zo da sauƙi. Tunda haihuwa ce magani, a sa mata ruwan naƙuda yau. Muna cikin wata bakwai, saura kwana goma sha biyu Sha'aban ya tsaya. Kada mu yi sake."

Ta ce, "Mama, mu da sati muke ƙirgawa. Tana da talatin da ɗaya. Ina so, in jikinta ya yarda, mu kai talatin da huɗu. Huhun yaro bai nuna ba. Kowane kwana da ya ƙara a ciki riba ce."

Na lissafa da yatsuna, na ga sati ukun nan sun faɗa cikin Sha'aban. Na ce, "Likita, kin san abin da kike faɗa kuwa? Wata takwas fa kenan! Kina so ki fitar da shi daga watan da ake rayuwa ki kai shi watan da ba a rayuwa?"

Ta yi murmushi ta ce ta sha jin wannan magana, har kakarta tana faɗa, amma ba haka ba ne. Murmushin nan ya ƙona mini rai. Na ce a zuciyata, ranar da na fara wanke jariri ko haifarki ba a yi ba. Ta juya wurin Auta ta lissafa mata abubuwa uku, ta ce duk wanda ta ji ta faɗa nan take, ko da tsakiyar cin abinci ne: ciwon kai da ba ya jin magani, ganin walƙiya ko duhu-duhu a ido, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Ta ce, "Ranar da ɗaya ya zo, jira ya ƙare, ko sati nawa muke." Ni duk hankalina na kan wata, da kunne ɗaya na ji ta.

Satin farko ya tafi a zarya. Kowane gwaji da takardarsa, kowace takarda da tagar biyan kuɗinta, kowace taga da layinta, in ka kai gaba a ce na'ura ta tsaya ka dawo an jima. Safar hannu ma mu ke saya. Na yi faɗa da mai ba da kati, na yi da mai gadin ƙofa da ya ce lokacin dubiya bai yi ba, na ce masa ni ba 'yar dubiya ba ce, nan nake kwana. Amma gaskiya ɗaya ce, nas-nas ɗin nan sun yi mana. Sau huɗu, sau biyar a wuni suna zuwa auna jini, su ɗora abin sauraro a kan ciki mu ji zuciyar yaro tana bugawa fat-fat-fat. Aka yi wa Auta allurai don huhun abin da ke cikinta. Nuhu kuwa, bawan Allah, in ya tashi aiki sai ya ratso gosulon Nyanya da Mararaba ya iso mana idonsa ja wur, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye ledar lemo da ayaba, ya juya.

Da na yi masa maganar watan, ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, duk yadda likita ta ce." Suruki ne, ba zan ja da shi ba, amma na ce a raina, Abuja ta cinye wannan.

Masu dubiya kuwa duk bayana suke. Kowacce da labarinta. Wannan ta ce ƙanwar mijinta ta haifi ɗan wata takwas, kwana biyu ya koma. Waccan ta ce nata bakwainin ga shi can yana tuƙa tifa. Jummai ta ja ni bayan ɗakin ta ce, "Ke da kika fi kowa sani, za ki zauna yarinya ta kashe miki jika da turanci? Akwai wata tsohuwa a hanyar Agwada, jiƙonta kofi ɗaya ne naƙuda ta taso. In ta taso ai dole su karɓi haihuwa." Ban ce mata to ba, ban ce a'a ba. Ranar da ya rage kwana uku wata ya tsaya, sai ga ta da jiƙon a cikin fulas ɗin shayi. Na karɓa. Ba zan ɗora wa Jummai ba, da hannuna na karɓa, kuma da niyyar bayarwa.

Bayan la'asar ne. Auta na barci, na buɗe fulas ɗin ina nufin tsiyayawa a kofi ya huce. Sista Rahila, babbar nas ɗin ɗakin, wata doguwa mai furfura 'yar Sabon Gari, ta zo wucewa da tirenta. Ta tsaya, ta ja hanci. Ta ce, "Mama, wannan shayin naki warin sassaƙe yake yi."

Na ce, "Na basir ne, nawa ne."

Ta ce, "To Allah ya ba da lafiya. Rufe shi ki zo ki raka ni."

Na ɗauka ofis za ta kai ni a yi mini tijara, har na shirya bakina. Sai ta bi da ni wani lungu, ta tsayar da ni a jikin tagar gilashi. Ɗakin jariran da ake sa wa a kwalba ne. Ta nuna mini na can ƙarshe ta ce, "Wancan ɗan wata bakwai ne na gaskiya, an ƙirga shi da hoton ciki." Wallahi na wanke jarirai sun fi a ƙirga, ban taɓa ganin irinsa ba. Bai wuce tafin hannuna da rabi ba, fatarsa kamar ledar ƙulla gishiri, ƙirjin na shiga yana fita kamar zai tsage, ga robobi ta hanci ta baki. Ta nuna mini wani a kusa da ƙofa, uwarsa na zaune tana ba shi nono da ɗan kofi, yana ta wutsil-wutsil. Ta ce, "Wannan kuma ɗan wata takwas ne. Jibi za mu sallame shi."

Na ce, "To ni fa? Ni bakwaini ce, kuma ba kwalba a zamaninmu."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wa ya ƙirga miki, Mama?"

Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, kuma na san matan da, kunyar cikin fari ba ta barin su faɗa sai ciki ya tona kansa. An gan ni 'yar ƙarama ne aka ce bakwaini. Shekara sittin ina yawo da suna, ban taɓa tambayar wanda ya riƙe lissafin ba. Sista ta ce, "Jiƙon nan ba ya jin a tsaya. In ya murɗa mahaifa da jininta a sama haka, mabiyiya na iya ɓallewa. Kafin mu kai ta tiyata kin rasa biyu." Na koma na tuttular da shi a kwata, na wanke fulas ɗin da omo sau uku. Ba ta faɗa wa likita ba, ba ta faɗa wa Auta ba. Allah ya saka wa matar nan.

Ba zan ce zuciyata ta kwanta gaba ɗaya ba. Ranar da aka ce an ga watan Sha'aban, na kasa cin tuwo. Washegari da aka ɗora abin sauraro sai da na matso da kunnena. Zuciyar na nan tana bugawa, har da shuri mai ƙarfi da ya ture hannun nas. Daga ranar na juya. Ni kuma halina ne, in na juya ba na tsayawa a tsakiya. Na zama mai wa'azin jira. Kullum da safe ni ke shelar kwanaki: "Saura takwas!" "Saura bakwai!" Duk mai dubiyar da ta kawo zancen wata takwas sai in wanke ta tas, har Jummai ta yi fushi ta daina zuwa. Ina yi wa Auta kirari, ina cewa, "Jarumata, ki daure, kowane kwana riba ce, kada ki ba ni kunya a gaban mutanen nan." Ga kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko ɓoyuwa. Na cika wa yarinya kunne da riba, na manta da abubuwa ukun da likita ta lissafa.

Ranar da ya rage kwana huɗu, an auna jininta da safe, ya ɗan hau, aka ƙara mata ƙwaya. Nas ta tambaye ta ko tana jin wani abu, ta ce lafiya lau. Da hantsi na ce ta zo in gyara mata kitso, kan ya tsufa. Ina taɓa tsagar farko ta runtse ido. Na ce, "Yau kuma raki?" Ta ce a'a, in dai saki labulen taga, hasken ya yi yawa. Hadari ne a garin ranar, babu wani haske. Na saki labule. Can ta miƙa hannu za ta ɗauki kofin ruwa a kan loka, hannun ya wuce ta gefensa. Ta sake lalubawa. Sannan na lura da ɗaya hannun, yana dafe da gefen cikinta na dama, ƙarƙashin haƙarƙari, tana dannawa a hankali don kada in gani.

Na ajiye matsefi. Na ce, "Asma'u." Ba na kiran sunan nan sai magana ta kai magana. "Tun yaushe?"

Ta ce, "Ba komai, Inna."

"Ni za ki yi wa ba komai? Tun yaushe?"

Sai hawaye. Ta ce tun jiya da yamma kan ke sarawa, yau kuma wasu abubuwa ke gilma mata kamar ƙwarin fitila. Ta kama zanena da hannu biyu ta ce, "Inna, don girman Allah ki rufa mini asiri. Kwana huɗu ne kacal. Ke kika ce kowane kwana riba ce. Na ji nas na ba da labarin yaran da ke kwalba, ba na so a sa nawa. Zan iya daurewa, wallahi zan iya. In kin faɗa cire shi za su yi."

Mata, wannan wuri shi ne jinyar duka. Muna cikin watan da na tashi ina tsoro tun ina yarinya. Sati biyu da suka wuce ni ce mai neman a fitar da yaro da ƙarfin tsiya, yau ga shi in na buɗe baki, da bakina za a fitar da shi a wata takwas cif. In wani abu ya same shi, Jummai da duk layinmu za su ce sun faɗa, Auta kuma ba za ta yafe mini ba. Duk wannan ya zo mini a lokaci ɗaya. Amma na dubi idonta, na ga tana kallon gefen kunnena tana zaton fuskata take kallo. Na taɓa ganin jijjiga sau ɗaya, a wata amarya a unguwarmu, na san yadda take farawa, na kuma san yadda ta ƙare.

Na ɓamɓare yatsunta daga zanena ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Ki yi fushi da ni shekara goma, ina so." Na fita ko ɗankwali ban gyara ba, ina ƙwala wa Sista Rahila kira tun daga baranda.

Kafin ka ce kwabo ɗakin ya cika. Aka auna jini, ya wuce inda yake da safe nesa ba kusa ba. Aka ɗebi jini aka ruga gwaji, wannan karon ba wanda ya ce in bi layi. Aka yi mata allurar hana jijjiga, mai zafin nan, ta yi ƙara. Likita ta zo da takardar sakamako ta ce hanta ta fara taɓuwa, jira ya ƙare. Ta yi mana bayani dalla-dalla: za a sa magani a tayar da naƙuda, ana sauraron zuciyar yaro, in ya gaji, ko jinin ya ƙi sauka, sai tiyata. Yaro zai iya buƙatar taimakon numfashi, zai kwana biyu a kwalba, amma tana da kyakkyawan zato. Auta ta ce, "Likita, ko kwana biyu?" Ta ce, "Ko wuni ɗaya ba zan ba ki ba."

Aka kira Nuhu a waya, yana can cikin Abuja ya kai ma'aikata wurin gini. Na ji yana cewa a yi duk abin da ya dace, ga shi nan tafe. Auta ta sa hannu a takarda da kanta. Ba ta dube ni ba.

An sa maganin kafin azahar. Naƙudar da aka tayar ba irin wadda ta zo da kanta ba ce, tana da jan rai, ga zafi. Ba zan tsawaita ba, mun kwana a tsaye ni da Nuhu, shi a wancan ƙarshen baranda ni a wannan, kowa da carbinsa. Da hantsin washegari Sista Rahila ta leƙo ta ce, "Mama, mace ce. Ina masu cewa namiji?" Na ji kukan, siriri kamar na 'yar kyanwa, amma kuka ne. Ba a kai ga tiyata ba. Aka wuce da ita ɗakin kwalba a gabana, ba ta kai kilo biyu ba.

Jinya ba ta ƙare a nan ba. Kwana uku jaririyar na da roba a hanci. Tana fita daga wannan sai shawara, aka kwantar da ita ƙarƙashin shuɗiyar fitila an rufe mata ido. Jinin Auta bai sauka nan da nan ba, sai da aka ci gaba da ƙwayoyi. Likita ta kafa mini doka: ba kunun kanwa, ba wankan tafasasshen ruwa da ganye. Ni, da aka sani da wannan sana'a, 'yata ta haihu ina dama mata kunun gyaɗa salam. Na yi gunaguni, amma na bi. Ranar suna a masallaci kawai aka yi addu'a aka raɗa, uwa da 'ya suna asibiti.

Auta kuwa ta cika alkawarin fushi. In na kawo abinci ta ci, in na ce sannu ta ce yauwa, shi ke nan. Kullum za ta je ta tatsi nono a ɗan kofi, ta tsaya a jikin gilashi tana kallon robar nan, ta dawo ta juya mini baya. Sau ɗaya ta yi magana, ranar da aka sake huda hannun jaririyar ana neman jijiya. Ta ce, "Da an bar mini kwana huɗun nan." Ya soke ni, ba zan ɓoye ba. Na tare likita a hanya na tambaye ta tsakani da Allah, da an kai kwana huɗun da yarinyar ta tsira daga robar? Ba ta lallashe ni ba. Ta ce, "Wataƙila, Mama. Wataƙila kuma da yanzu ke ce ke tatsar madarar gwangwani kina ba marainiya." Na ce to, na ji, kuma ko yau aka sake, haka zan yi.

Don haka ga abin da nake so mata su riƙe. Kumburin fuska da hannu ga mai ciki ba ƙiba ba ce, a je a auna jini. Zancen wata bakwai da wata takwas a ajiye shi, ni mai sunan na ajiye. Kada wadda ta ba mai ciki jiƙon tayar da naƙuda, komai tsufan mai haɗa shi. Kuma in likita ta ce a jira, a jira, amma mai jinya ta buɗe ido, don mai ciki za ta iya ɓoye ciwon da zai kashe ta saboda abin da ke cikinta. Fitarwa da wuri hatsari ne, jira ma hatsari ne, kullum sai an sake aunawa, kuma ba a auna shi da ƙarya.

A kwana na goma sha ɗaya aka fito da jaririyar daga kwalba. Sista Rahila ta koya wa Auta yadda za ta sa ta a ƙirji, fata da fata, a ɗaure da zane, ɗumin jiki ya riƙa renonta. Ta ce wuni ake yi a haka, in uwa ta gaji wani ya karɓa. Auta ta ƙi ba kowa. Ta wuni a zaune, ta kwana a jingine, washegari har azahar ba ta runtsa ba, ga ƙwayoyin hawan jini na sa ta jiri. Ina gefe a kan tabarma ina tsince shinkafa, ban ce ta kawo ba, don na san amsar.

Can na ji ta ce, "Inna."

Na ɗago. Tana kwance ɗaurin zanen.

"Buɗe rigarki."

Na wanke hannu, na buɗe. Ta ɗora mini ita a ƙirji, 'yar mitsitsiya, ɗumi kamar ƙwai da aka ɗauko ƙarƙashin kaza, ta zagayo da zanen ta ɗaure mini a baya da kanta. Ta daɗe tana gyara ƙullin da ba ya buƙatar gyara. Sannan ta kifa goshinta a kafaɗata, ta ce a hankali, "Da ma'aikatan nan suka ce in ba wani ita, ji na yi kamar za a zare mini rai. Kwana goma sha biyu kacal na san ta, Inna. Ina ta gadin tawa, na manta ke ma taki kike gadi."

Na ce, "To kwanta ki yi barci, sarkin taurin kai. Duka biyun ina riƙe da su."